Alhaji Aƙilu Mai Ganin Gobe a Talabijin

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah Ya yi wa garin Dayi, akan fara da ƙasar noma, a zo kan titin da ya ratsa gari, sannan a gyara zama a ambaci Alhaji Aƙilu. Shi dai ya fi son a fara da shi, amma da yake mutum ne mai tawali'u yakan haƙura da na ukun, muddin an ɗan ɗaga murya in an zo kansa.

Dillalin hatsi ne, mai tumbi daidai misali da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta masa ba. Tun da aka san shi bai taɓa yin kuskure ba. In ya ce masara za ta tashi sai ta faɗi, to kasuwa ce ta yi kuskure, kuma yakan yafe mata. Ya taɓa tsayawa takarar kansila, jama'a suka yi kuskure su ma. Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci masa rai: duk wannan basira, babu wani fage da za a ce nasa ne shi kaɗai. Siyasa kowa malami ne. Ƙwallon ƙafa kuwa ba a magana, ɗan acaɓan da bai san hanyar Funtuwa ba ya san sunan kakar mai tsaron gidan Turawa.

Ana nan sai ɗansa Talha, wanda ke aiki a Kaduna, ya zo hutu ya kafa masa dish da sola da talabijin mai faɗi. Wata safiya cikin sanyi, Alhaji na shan koko yana latse-latse, ya faɗa kan wata tasha. Turawa biyu ne cikin gajeren wando, kowa da abu kamar rariya a hannu, suna jibgar wata 'yar ƙwallo ta kan raga suna nishi. Mutane cike da fili, amma shiru kamar ana zaman makoki. Ya tsaya ya kalla har ɗaya ya ci. Da la'asar ya sake kunnawa, sai ga mutanen nan biyu dai, da rigunansu na safe, suna sake yin abin da suka yi da safe, har inda ɗaya ya yi tuntuɓe.

Mai ƙaramin tunani da sai ya ja tsaki ya sauya tasha. Alhaji Aƙilu kuwa ajiye kofin shayi ya yi a hankali, don ya gane baiwa idan ta zo har gida.

Ya kira Talha a waya. Talha ya ce masa wasan tanis ne, gasar Ostareliya ake yi, kuma safiyarmu daren can ce, shi ya sa ake nuna wasan kai tsaye da safe a maimaita da yamma. Ya ƙara da cewa akwai 'yar kalmar Turanci a kusurwar allo da ke faɗin wanne ne sabo wanne ne maimaici. Alhaji ya yi masa addu'a ya kashe waya. Ya buɗe durowa ya ɗauko ɗaya daga cikin ragowar hotunansa masu manne na takarar kansila, ya liƙa shi a kan kusurwar nan. Hoton ya zauna das, yana murmushi da yatsa ɗaya a sama.

Washegari da la'asar aka fito da talabijin ƙofar gida, gindin darbejiya inda majalisa ke zama. Jama'a suka taru don ganin sabon abu. Alhaji ya bari 'yan wasa suka fito suna ɗumama jiki, ya sauke tabarau kan hanci, ya ƙura musu ido kamar yadda yake duba bijimi a kasuwar Musawa.

"Jama'a, wannan wasa ba na yara ba ne," in ji shi. "Wasan sarakuna ne da likitoci. Ku kuna kallon ƙwallo, ni kau mutum nake kallo. Ku dubi agarar wancan. Ku dubi yadda yake ɓare ayaba, hannu na rawa. Mai ɓare ayaba haka ba ya kai turmi na huɗu. Na ba mai jar riga."

Mai jar riga ya ci. Washegari ya ba wani dogo, dogo ya ci. Rana ta gaba ya ce wata Baturiya za ta fasa rariyarta a ƙasa don haushi, ta kuwa fasa. Wani tsoho ya saki carbi ya yi salati. Samarin da ke da manyan wayoyi ba wanda ya damu ya bincika, don a ganinsu wasan da ba a cin gol ba wasa ba ne.

Sunayen 'yan wasan sun ƙi zama a bakin kowa, Alhaji ya raɗa musu nasa. Manyan biyu da suka fi kowa su ne Bahago, mai bugu da hagu, da Mai Ɗankwali, wanda ke ɗaure goshi da ƙyalle. Zagayen wasa ya koma turmi kamar na dambe. Da aka tambaye shi dalilin da ya sa lissafin ke tashi daga sha biyar zuwa talatin ya faɗa arba'in, sai ya ce wannan sirri ne na masu abin, kuma ba kowane kai ne zai ɗauka ba. Nasa ma bai ɗauka ba, amma ba a tambaye shi wannan ba.

Kafin gasar ta ƙare sunansa ya kai Malumfashi. Aka fara kiransa Mai Ganin Gobe, ya hana sau ɗaya a hankali yadda ba za a ji ba. Mata suka riƙa aiko tambaya ko akuya za ta haifi tagwaye, yana cewa ana dubawa. Abin da ya fi burge shi a wasan kaf shi ne alƙali, wanda ke zaune can sama kan doguwar kujera, kowa na ƙasa da shi. Ya kira Buba kafinta ya nuna masa. Buba ya haɗa masa irinta da katakon maina, har da tsani. Tun daga nan in Alhaji zai yi magana sai jama'a sun ɗaga kai, kuma ya lura hakan ya ƙara wa maganarsa daɗi.

To, ga inda zancen yake. Malam Sada, shugaban ƙungiyar manoman Dayi, tsufa ya kama shi, ya ce zai sauka kafin damina ta zauna. Kujerar shugabancin nan Alhaji Aƙilu ya daɗe yana mafarkinta. Shugaba shi ke tarbar baƙi daga Malumfashi, shi ke magana a lasifika in taki ya iso, shi ake sa wa hula a tsakiyar hoto. Ya nema ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce masa dillali ne, bai san zafin fartanya ba. Maganar nan tana masa ciwo har cikin ƙashi, don gaskiya ce. Wannan karon kuwa yana da hujja. Ya bi gida-gida yana tambaya: wa ya fi cancanta ya ja manoma, wanda ya san jiya ko wanda ya ga gobe?

Abokin takararsa Malam Maitama ne, manomin masara da tumatir, mutum mai taurin kai wanda ko agogo ya gaya masa lokaci sai ya leƙa rana. A taron ƙungiya ya miƙe ya ce shi ba ya jayayya da baiwar Allah. Ya ji a rediyo cewa ranar Lahadi akwai wasan ƙarshe a ƙasar Faransa, kuma Bahago da Mai Ɗankwali ne za su kara. In Alhaji ya faɗi wanda zai ci kafin a fara, aka kuma ga haka, shi ya janye, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. In kuwa aka ga akasi, Alhaji ya janye. Malam Sada ya dubi Alhaji. Alhaji ya yi irin dariyar da babba ke yi wa yaron da ya ce a zo a yi kokawa, ya ce ya yarda, kowa ya shaida.

Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama. Iskar hadarin farko ta juya masa dish tun makonni, shi kuma yawon neman goyon baya bai bar shi ya kula ba. Sai ranar Asabar da yamma mai gyara ya zo daga Malumfashi ya daidaita shi. Alhaji bai damu ba. Ya san tsarin duniya: Turawa na wasa da safe, su maimaita da yamma.

Ranar Lahadi da hantsi ya rufe ƙofar falo ya kunna. Ga su nan kuwa, Bahago da Mai Ɗankwali, a kan wani fili ja wur kamar an share gona a jar ƙasa. Ya gyara zama ransa fes. Bahago ya ci turmin farko, ya ci na biyu. A na uku Mai Ɗankwali ya zame ya faɗi, farin wandonsa ya yi jajir, daga nan bai sake kataɓus ba. Bahago ya ɗaga kofi yana kuka. Hoton Alhaji na kusurwa yana ta murmushi a kan kalmar da ke ƙarƙashinsa, wadda da an ɗaga shi da ta ce wasan bara ne ake tuna wa masu kallo kafin na bana.

Matarsa Hajiya Barakatu ta shigo da kunu, ta tsaya ta ɗan kalla. Ta ce ita dai ta ga inuwar mutanen can ta yamma ce, kuma Talha ya taɓa cewa Faransa ba ta da nisan lokaci da mu, ko zai kira shi ya ji. Alhaji ya ce mata ilimin inuwa daban, ilimin tanis daban, ta je ta sa a jiƙa shinkafar waina. Ya aika aka kama ragon da yake turke aka yanka. Ya aika wa Awaisu maroƙi cewa ya zo da shirinsa, ya kuma gaya masa sunan da zai sa a kirari don kada a ɓata lokaci.

Bayan azahar gindin darbejiya ya cika har bakin titi. Masu acaɓa suka kashe babura, wata bas ta 'yan kasuwar Musawa ta tsaya direba ya leƙo. Aka shimfiɗa wa Malam Sada darduma a gaba, Maitama ya zauna gefensa ya harɗe hannu. Alhaji ya fito cikin shadda mai ruwan ƙwai wadda ta sha aiki har ciki, ya tattare ta ya hau tsani, Awaisu na bin kowane taku da kirari. Da ya zauna sai ya bari aka yi tsit.

"Jama'ar Dayi, ban so a kai ga haka ba," in ji shi. "Baiwa ba abar nunawa ba ce a kasuwa. Amma tunda an nema, ku buɗe kunne. Bahago zai ci. Turmi uku, ba ko ɗaya ga wancan. Kuma don kada wani ya ce sa'a ce, a turmi na uku Mai Ɗankwali zai zame ya faɗi, wandonshi ya yi ja. In haka ba ta faru ba, kada a ƙara kirana Alhaji Aƙilu, kuma kujera na bar ma Maitama har abada."

Awaisu ya ɗauka: na Barakatu mai ganin gobe, ya ga Faransa daga Dayi, Bahago naka kofi naka. Ƙamshin naman rago ya taso daga cikin gida.

'Yan wasa suka fito. Alhaji ya ɗan ƙifta ido. Da safe Bahago na da gashi har wuya, yanzu kansa ƙwal. Rigar Mai Ɗankwali da safe fara ce, yanzu shuɗiya, wandon ma baƙi. Sararin Faransa da ya bari da rana tarwai ya haɗa gajimare. Ya ce a ransa Turawa mutane ne masu tsafta, ba mamaki kafin maimaici sukan yi aski su sauya kaya.

Bahago ya ci turmin farko, Alhaji ya sauke ajiyar zuciya ya dubi Maitama daga sama da tausayi. Bahago ya ci na biyu da ƙyar. Awaisu ya fara zagaya taro yana nuna kujera da sanda. Aka shiga na uku, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce kowa ya sa ido a ƙafar Mai Ɗankwali, faɗuwa na tafe. Jama'a suka sa ido. Mai Ɗankwali ya ruga dama, ya ruga hagu, ya ja ƙafa a jar ƙasa ya tsaya cak kamar an dasa shi. Alhaji ya ce yanzu. Bai faɗi ba. Ya ce to yanzu. Mutumin nan ya ƙi faɗuwa, ƙarshe ma ya cinye turmin.

Aka kira la'asar. Kowa ya yi sallarsa cikin natsuwa ban da mutum ɗaya, wanda ya idar bai san me ya karanta ba. Da aka dawo ya sake hawa kujera, amma tsanin ya ƙara tsawo. Ya bayyana wa jama'a cewa turmi ukun da ya faɗa na lissafin masana ne, wanda ba ya ƙirga turmin da aka yi cikin gajimare. Mai Ɗankwali ya ci na huɗu. Awaisu, da yake ya daɗe a sana'a, ya rage murya, ya kuma fara cire sunan Bahago daga kirari yana barin gurbin a buɗe.

Gumi ya jiƙa shaddar nan tun daga wuya. Tsoro ne sosai ya kama Alhaji, irin wanda bai taɓa ji ba, don yau ne karon farko da ya kalli wasan tanis a gaban jama'a bai san ƙarshensa ba. Ya ga ashe abin da tashin hankali. Duk bugun da Bahago ya yi sai ƙafarsa ta harba a sama, har takalminsa ɗaya ya faɗo kusa da Malam Sada. Tsohon ya ɗauka ya ajiye masa a gindin tsani.

Rana ta yi ja lokacin da Bahago ya buga ƙwallon ƙarshe ta maƙale a raga, wasa ya kuɓuce masa. Mai Ɗankwali ya kwanta rigingine a jar ƙasa don murna, ya tashi bayansa jajir. Wani daga baya ya ce to ga faɗuwar nan ta zo, sai dai ta makara. Dariya ta fara tashi ƙasa-ƙasa.

Da Alhaji ya yi shiru a nan, da kujera kawai ya rasa. Malami ma yakan yi hasashe ya kuskure, gari ya manta. Amma mutumin da bai taɓa kuskure ba bai san yadda ake yinsa ba. Ya miƙe tsaye a kan matakalar sama.

"Wannan maguɗi ne. An sauya wasan. Wallahi ni da idona na ga Bahago ya ɗaga kofin nan da safe, yana kuka."

Malam Sada ya ɗaga kai ya dube shi.

"Da safe, Alhaji?" in ji Malam Sada a hankali. "A ina halan?"

Alhaji ya ga rami, amma maimakon ya ja baya sai ya ƙara gudu. Ya ce yana da shaida, ɗansa ma'aikaci ne a Kaduna, ya san dokokin tashoshin nan. Ya zaro waya ya kira Talha, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji yadda Turawa suka cuci Dayi. Talha ya gaida mahaifinsa da ladabi, ya saurara har ƙarshe.

"Ayya Baba, ai na safen nan wasan bara ne," in ji shi. "Na Faransa da rana ake yi, kai tsaye kuka gani yanzu. Ba irin na Ostareliya ba ne da kake kallo da safe a maimaita maku da yamma. Ba na gaya maka zancen kalmar da ke kusurwa ba?"

Idanun Dayi gaba ɗaya suka koma kusurwar talabijin, inda ɗan takarar kansila ke murmushi da yatsa a sama. Tsohon nan da ya taɓa sakin carbi ya ce a ba shi hanya, yana da abin yi a gida. Saukowar Alhaji daga kujera ta ɗauki lokaci, don babbar riga ta maƙale a ƙusa, kuma Awaisu, wanda da shi ke riƙe tsani, yana can gaban Maitama yana gwada sabon kirari.

Rago dai an riga an yanka, kuma mutanen Dayi ba sa wulaƙanta abinci. Aka ci waina da nama a ƙofar gidan Alhaji don taya Malam Maitama murnar zama shugaba, kowa na cewa Hajiya Barakatu ta iya miya. Ana cikin ci hadari ya haɗo daga gabas, aka kwashi talabijin a guje, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

A zaman ƙungiya na gaba Malam Sada ya ce bai kamata a bar baiwa irin ta Alhaji ta lalace ba, don ba kowa Allah Ya ba iya faɗin abin da ya riga ya faru da irin wannan ƙwarewa ba. Ya kawo shawara a ƙirƙiro masa muƙami: duk ranar da aka yi ruwa, washegari shi zai sanar da manoma cewa an yi. Ba a taɓa amincewa da wata shawara da sauri haka ba a tarihin ƙungiyar.

An zaci zai yi fushi. Alhaji kuwa sai ya tambaya ko muƙamin na da lasifika. Aka ce yana da ita.

Yanzu duk safiyar da gari ya kwana da ruwa, za ka gan shi bakin titi cikin babbar riga, yana shaida wa mutanen da ke tsaye cikin taɓo har idon sawu cewa bisa nazarinsa jiya an samu ruwa. Sukan gyaɗa kai su wuce gona. Damina ta kusa fita, kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, har yau bai kuskure ko sau ɗaya ba.